Goron da Na Kai Ƙetaren Rafi

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025
Shekarata saba'in da huɗu, kuma ba na neman tausayin kowa. Gwiwa ce ke ciwo, ba kai ba. Likita ya ce in riƙa tattaki. A Obiagu, unguwarmu a nan ƙasar Ibo, inda keken haya mai ƙafa uku ke goge wa mutum zani? Shi ya sa na kafa kwamitin hanyar shan iska, ta masu ƙafa kaɗai. Za ta tashi daga bayan unguwarmu, ta haye rafi, ta hau tudu, ta ratsa ƙananan hukumomi biyu.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Hukumomin biyu sun amince, 'yan kasuwar albasa sun yi alkawarin siminti. Wata gidauniya za ta gina gada, muddin dattawan ƙauyen ƙetare sun ba da filinsu kafin wata ya ƙare. In ba haka ba, tallafin ya koma wani gari. Sakatarenmu Andrawus ya ce, "Mama, a nemo mai raka ki." Na ce ko lokacin da nake shugabar makaranta ba a raka ni.

Talata, 14 ga Oktoba
Na je ni kaɗai, da farin goro mafi kyau a rumfar Malam Idrisu. Na ɓara da hannuna, na miƙa. Babu wanda ya karɓa. Sun saurare ni da ladabi, suka tsayar mini da keke.

Laraba, 15 ga Oktoba
Ban fita ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Madam Uzoamaka, tsohuwar nas, abokiyar gardamata, ta yi dariya har da hawaye. "Hajiya Zinariya, goronku na taunawa a mota ne. Namu mai ɓari huɗu ake shiga gaban dattawa da shi, kuma mace ba ta fasawa. Ke da ƙaton Turancinki!" Na ce al'adar ba ta burge ni ba. Ta ce ita ma, amma gadar fa?

Asabar, 25 ga Oktoba
Mun koma ni da Uzoamaka. Wanta ya miƙa goronsu, babban dattijon ya yi doguwar addu'a da Ibo, ya fasa. Na zauna shiru, abin da ban taɓa yi a taro ba. Da farantin ya iso gabana na ɗauka. Ya fi namu tauri. Dattijon ya ce sun ba da fili, amma hanya ta kauce wa tsohuwar bishiyarsu, kuma a sa benci a kan tudun saboda matarsa.

A dawowa Uzoamaka ta riƙe mini hannu a gangare. Ƙasar da santsi, shi ke nan.

Litinin, 27 ga Oktoba
Gidauniya ta tabbatar da gada. Tun da safe na sanar da kwamiti cewa daga yau shugabancin namu ne mu biyu, kuma a ƙetaren rafi Uzoamaka ce mai magana. Andrawus ya buɗe baki, na ce masa ba shawara nake nema ba, na riga na gama.