Kunnen Angonki

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da Baba. Ya ciwon gwiwar? Mu ma lafiya, sai abu ɗaya da na kasa faɗa miki a waya, don da kin ji muryata kin gano ni.

Angonki ne, ɗan jikallen naki. Da na yi masa wankan yamma na sa masa rigar barci, sai ya hau sosa kai kamar mai ƙwarƙwata, ya kama kunnen hagu ya yi ta ja. Na duba kan tas, ba komai. Ba zazzaɓi, nono kuwa sha yake kamar zai haɗiye ni. Amma Mama, ni Yaya nake tunawa. Ke kika ba ni labarin yadda ya riƙa taɓa kunne yana jariri, kafin a ankara ciwo ya tafi da jinsa. Wallahi tsoro nake ji. Jibi zan kai shi asibiti. Don Allah kar ki faɗa wa Yaya, ki dai sa mu a addu'a.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baba. Ki kwantar da hankalinki tun daga layin farko: kunnen angonki garau yake, alhamdulillahi!

Likita ta haska duka biyun ta ce ba abin da ya same su. Wai jarirai da yawa haka suke yi in barci ya kama su, su sosa kai su ja kunne suna lallashin kansu. Sai ta tambaye ni me nake yi masa in ya fara. Kai, Mama, na ji kunya! Dole na faɗa mata gaskiya: lallaɓawa nake ta bayansa da murfin tukunya da cokali, in buga, in ga ko zai juyo. Ya zabura ya tsala ihu, ni kuma in ce shi ke nan, ga ciwon nan ya motsa. Matar nan sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Ashe yaro roƙon barci yake, uwarsa tana yi masa kiɗa. Babansa kuwa ya samu abin yi, yanzu makaɗiya yake kirana.

Jiya Yaya ya zo bayan ya rufe shagon kafinta, garin katako duk a gashin girarsa. Na san ke kika faɗa masa, kar ma ki musa. Ko ruwa bai sha ba ya karɓi yaron, ya nuna kunne, ya zuba mini ido. Na yi masa alama da hannu cewa lafiya lau, amma fuskarsa ba ta saki ba. Yaron ya ja kunnensa ya ja, ya ɓingire da barci a ƙirjinsa.

Don in sa Yaya ya sake, sai na kwaikwaya masa labarin murfin tukunya. Ai kuwa ya fashe da dariyar nan tasa, wadda bai san ƙarfinta ba. Angonki ya firgita ya canyara kuka. Na miƙa hannu in karɓe shi, Yaya ya hana. Ya manna shi a ƙirji yana jin yadda kukan ke girgiza shi, sannan ya nuna bakinsa, ya nuna kunnen yaron, yana tambayata ko dariyarsa yaron ya ji. Na gyaɗa kai. Ya sake tambaya, na sake gyaɗawa.

Mama, tunda nake ban taɓa ganin hawayen Yaya ba sai jiya. Na bar su a haka, ban lallashi kowa ba.

Ki gaida Baba da mutanen gida. Ki zo ki ɗauki murfin tukunyar nan in kina so, na yi ritaya.

'Yarki mai ƙaunarki,
Auta