Kwalbar da Na Rubuta wa Sunan Malam Dabo

Assalamu alaikum Anti Dija. Don Allah ki taimaka mini da shawara, domin na rasa wanda zan yarda da shi a unguwarmu.

Ni 'yar Gummi ce, bana na gama digiri a fannin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Aikina shi ne neman ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa waɗanda ke narkar da pektin, wato danƙon da ke riƙe naman 'ya'yan itace. Masana'antun ruwan lemo na sayen sinadarin da irin waɗannan ƙwayoyi ke fitarwa, don ruwan ya fita da yawa kuma ya tace. An fi samun su inda 'ya'yan itace ke ruɓewa. Na ɗebo ƙasa a wurare da dama, har Bukkuyum, amma ƙwayar da ta fi ƙarfi daga gindin wani lemon tsami ta fito, a lambun maƙwabcinmu Malam Dabo da ke fadama.

Na nemi izininsa, ya ce in ɗiba. Na je da safe, na sa safar hannu da takunkumi, na ƙona cokali a wuta don kada wata ƙwaya ta gurɓata aikin, na zuba ƙasar a kwalba, na rubuta sunansa a jiki don in tuna inda ta fito. Haka aka koya mana. Bayan damina lemonsa ya fara zubewa ɗanye, sai magana ta tashi cewa sammu na yi masa. Yanzu iyalinsa ba sa amsa gaisuwar Inna, shi kuma ya hana ni taka lambun.

Ga babbar damuwar. An daɗe babu wuta a makaranta, firji ya mutu, ƙwayar da na raina ta lalace. Malamina ya ce zai ɗauke ni digiri na biyu a kan wannan ƙwaya, idan na sake samo ta. Dole sai na koma gindin lemon nan.

Ina zargin Nafi'u, ɗan kawuna. Shi kaɗai ya ga kwalbar a ɗakin Inna, ya juya ta yana tambaya ko zinare nake aunawa. Ya taɓa aikin haƙar zinare a wajen Anka, kuma na ji an ce ya tambayi ko za a sayar da lambun. Ban ji da kunnena ba, gaskiya. Amma wa zai kai labarin sunan da ke jikin kwalba? Shin in tona shi a gaban Kawu, ko in shiga lambun ba da sanin kowa ba? Cokali biyu kawai nake buƙata.

Taki,
Mai Neman Mafita, Gummi

Wa alaikumus salam 'yata. Da farko, kada ki kuskura ki shiga lambun nan a ɓoye. Idan aka gan ki, kin sa wa zargin hannu da kanki, kuma Inna ce za ta zauna da maƙwabta bayan kin koma makaranta.

Ki tsaya inda Malam Dabo ya tsaya. An rufe fuska, an ƙona ƙarfe, an ɗebi ƙasar lambunsa, an rubuta sunansa, sannan amfaninsa ya zube. Ya yi kuskure, amma ba hauka ya yi ba. Ya ba ki izinin ɗiban ƙasa, ba ki faɗa masa yadda za ki ɗiba ba.

Batun Nafi'u kuwa, ke da ba kya yarda da sakamako sai kin gwada, ta yaya za ki yanke wa ɗan'uwa hukunci da "an ce"? Wataƙila ya yi surutu, wataƙila wani mai ban ruwa ne ya hango ki. Abin da ake yi miki shi kike shirin yi masa. Ki bar shi.

Ki roƙi Kawu ya raka ki da rana, tare da malamin gona da zai duba ciwon lemon. Ki kai kwalbar, ki goge sunan a gabansa, ki sa lamba. Ki faɗa masa gaskiya har wadda ba ta yi miki daɗi ba: ƙwayar da ke narkar da 'ya'yan itace a ƙasarsa kika same ta, kuma ba ki sani ba ko tana da hannu a zubewar. Idan ya sauko, ki miƙa masa cokalin, ya ƙona, ya ɗibo da hannunsa.

Idan ya ƙi, lambunsa ne. Ki yi godiya, ki gaya wa malaminki, ki koma juji inda masu lemo ke zubar da ruɓaɓɓe. Ana sake neman ƙwaya, maƙwabci kuwa katanga ɗaya ce tsakaninku har abada.

Allah Ya wanke ki, Ya ba Malam Dabo lafiyar lambunsa, Ya sa albarka a karatunki.

Anti Dija