Ja da Kore a Bututu Ɗaya

Ya sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun ƙuruciya, ruwan farko bayan doguwar rani, uban 'ya'yana, Farfesa mai ba jama'a dariya! Ina gaishe ka cikin fushi, da zuciyar da na ce ta daina sonka ta ƙi ji.

Na zo laccarka ranar Laraba. Ba ka gan ni ba, don a baya na zauna, kusa da ƙofa, inda masu shara suke jingine tsintsiya. Na ji kana yi wa ɗalibai da baƙi bayanin sarƙar polima, wannan dogon zare da ido ba ya gani, wanda da shi ake yin roba da leda. Ka ce in aka bar ta a sarari nannaɗewa take yi, kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, in biyu ne kuma su cuɗe da juna har a rasa wace ce wace. In kuwa aka tura su cikin bututu mai ƙunci, sai kowace ta miƙe, ta ture 'yar'uwarta, wannan ta koma wannan bakin bututun, waccan ɗaya bakin. Duk daidai ne, ko kalma ba ka kuskure ba. Sai ka gyara tabarau ka ce: "Wanda bai yarda ba ya zo gidana, ya gan mu ni da madam."

Zaure ya kwashe da dariya. Shugaban sashenku har da share hawaye. Wata yarinya da na taɓa koyarwa ta waigo, muka haɗa ido, ta sunkuyar da kai. Ni ce ma na ji tausayinta.

Masoyina, tauraron asubata, ka tuna wa ya fara gane wannan abu? Muna ɗalibai, a ɗakin gwaje-gwajen nan mai warin sinadari da fanka mai kuka. Ka rina sarƙa ɗaya kore, na rina ɗaya ja. Ka ce ni ce jar saboda bakina barkono ne, kai ne koren saboda sanyin hali. Ina leƙa madubin ƙara girma, numfashinka yana sauka a wuyana, ban san ko sarƙa nake kallo ko bugun ƙirjina nake saurara ba. Da suka rabu a cikin bututun, ka rantse gishiri ne ya yi yawa a ruwan, ka sa muka yi ta wanke kwalabe muna sakewa har fatar yatsuna ta tattare. Ni na ce maka ba datti ba ne, ba kuma ƙiyayya ce tsakaninsu ba, wuri ne ya yi musu kaɗan. Sarƙa tana son hanyoyin kwanciya iri-iri. In aka matse ta, rabuwa ce kaɗai take ba ta ɗan sarari. Ka damƙe hannuna har safar roba ta yage, ka ce kai dai ba za ka taɓa sa ni a bututu ba. Na yarda! Mace mai karatu, na yarda kamar wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba.

To wa ya ƙuntata gidan, ya farin watana? Ni ce na cika falo da kwalayen takardu har taga ta toshe? Ni na kinkimo tsohuwar na'urar da sashenku ya yar, na girke ta a hanyar kicin, har sai a karkace ake wucewa da tukunya? Teburina, inda nake karatu, yau mujallunka ne a kai har rufi. Rabin gadonmu littattafai ne. Da wuri ya ƙare sai ka koma kwana a kujerar ofis, wai don kada ka takura mini. Na bar bincike na koma koyarwa a sakandare saboda yaranmu, ban taɓa goranta maka ba. Amma ka ƙera bututun da hannunka, ka tura ni ciki, sannan ka kira mutane su zo su ga yadda na yi nesa da kai?

Akwai abin da ka tsallake a laccar, bari in cika maka. In aka buɗe ɗaya daga bakunan bututun, sarƙa fita take yi, ba mai janta. Kai ya leƙa, jiki ya bi, kamar maciji daga rami, kuma yadda abin da ya rage a ciki yake raguwa, haka gudun yake ƙaruwa. Yayata ta ba ni ɗakinta na sama, mai taga biyu, babu kwali ko ɗaya. Jiya na kai akwatin farko. Kan sarƙa ya leƙa waje, Farfesa. Kai ma ka iya lissafin sauran.

Kada ka aiko mini da turare, kada ka turo ƙanwarka ta ba ni haƙuri. Ka zo da kanka, da masu dako, a fitar da na'urar nan da kwalayen. Ka mayar mini da teburina bakin taga. Ka kwashe littattafan daga gado ka kwanta a wurinsu. Ni da kai mun gani da idonmu cewa in wuri ya buɗe, ja da kore komawa suke yi su cuɗe ba tare da an roƙe su ba. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: na san ni ma haka zan yi.

In ba ka zo ba, zan ƙarasa fita. Amma ko a can, a ɗaki mai taga biyu, ni kaɗai zan nannaɗe, don ban san wani launi ba sai naka. Makullin gida yana jakata tukuna.

Taka har ƙasa ta rufe idona, ko a wane bakin bututun nake,
Ja