Ƙwaryar Kaka Da Na Aje Gaban Baffa Marwan

Zuwa ga Gwaggona Hajjo, a Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga uwarta, ina fata wagga takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara duka. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan da Inna ta ce yana damunki in sanyi ya shigo. Mu nan Sabon Birni lafiya lau, sai godiya. An yanke gero, kuma na gonar Unguwar Lalle ya fi na bara kyau. Iya tana nan da ƙarfinta, ba ta fasa faɗa da awaki ba. Kaka ma jikinsa da dama, idon ne dai ya ƙara yin hazo, yanzu sai ka yi magana yake gane ka. Ni kuma wata huɗu ke nan da na dawo daga Turba wurin kakata ta wajen uwa, bayan na gama firamare.

Gwaggo, za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. Wayar ta Baba ce, kuma ko da tawa ce, na san in na ji muryarki ba zan iya faɗa miki ba. Shi ya sa na roƙi Malami direban albasa ya kawo miki hannu da hannu. Na ji Iya tana gaya wa Inna cewa kin daina ɗaukar wayar Baffa Marwan, kuma kin ce in kin zo da Sallah za ki tambaye shi gaban kowa yadda ya yi ya ƙwace abin da Kaka ya ce zai ba Baba. Tun da na ji haka abinci bai yi mini daɗi ba. Baffa bai ƙwace komai ba. Ni na ba shi, da hannuna, kuma shi har yau bai sani ba.

Kin san Kaka ya shekara talatin da takwas yana madugun 'yan kasuwarmu masu kai gero da albasa Madawa ta Nijar, su dawo da wake da dabino da kanwa. Da idon ya matsa, ya ce zai sauka. Sai abin ya zo daidai da wata magana mai nauyi. Tun da aka rufe iyaka aka sake buɗewa, mutanen Madawa suke so a riƙa sauke kayanmu a bakin iyaka, motocinsu su ƙarasa da su. Namu kuma suna so su shiga har cikin gari kamar dauri, su sauka gidajen abokan cinikinsu. Babban mutanen Madawa, Alhaji Abbas, ya zo da mutum shida don a daidaita, amma ya ce ba zai ƙulla magana da wanda zai tashi gobe ba, a fara nuna masa wanda zai riƙe ƙungiya tukuna.

Ke kin fi ni sanin yadda ake yi, tunda Iya ta ce ke kika ɗauki ƙwaryar ranar da Kaka ya karɓa daga hannun yayansa. Madugu ba ya faɗar sunan magajinsa a zaure. Ana dama fura a tsohuwar ƙwaryar nan mai ɗinkin gyartai wuri uku, a ba yarinyar gidan ta shiga da ita, wanda ta aje wa a gaba shi ke nan, ba a sake magana. Da safiyar ranar Kaka ya sa aka kira ni ɗakinsa. Ya tsokane ni kamar yadda ya saba, ya ce amaryarsa ta zo ba ko kwalli, da wane ido za ta tarbi baƙin Nijar. Sannan ya rage murya ya ce in an yi azahar in ɗauki ƙwaryar in kai wa yaron, kada in tsaya gaban kowa sai shi. Na ce to. Na ji a raina ya kamata in tambaya wane yaro, amma kunya ta rufe mini baki, na ga kamar in na tambaya zai ce ɗiyar Turba ba ta da kai. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ban tambaya ba.

Gwaggo, ki duba mini. 'Ya'yan Kaka maza biyu ne a zauren. Baba gemunsa ya fara fari, kowa Alhaji yake ce masa, har dattawa. Baffa Marwan kuwa Iya har gobe auta take kiransa, yana sa agogo mai ƙyalli, yana dariya da ƙarfi. Wa zai zo mini a rai in an ce yaro? Ban tashi a gidan ba, ban taɓa lura cewa Kaka ba ya kama sunan Baba saboda ɗan fari ne, ban san tun Baba yana goye yaron kawai yake ce masa ba. Na shiga zaure kaina a sunkuye, ƙafafu kawai nake gani da bakin riguna. Na wuce gaban Baba, har na ga ya ɗan janye ƙafarsa yana ba ƙwaryar wuri, na ɗauka hanya yake ba ni. Na je na durƙusa gaban Baffa na aje, na buɗe faifan, na fito da sauri ina jin daɗin ban zubar ba.

Na laɓe a bayan ƙofa ina saurare. Sai Alhaji Abbas ya ce a yi fatiha, ya kama sunan Baffa ya yi masa addu'a. A nan Kaka ya san inda ƙwaryarsa ta sauka, tunda ba ya gani. Ya shafa tare da kowa. Baba shi ya fara tashi ya miƙa wa ƙanensa hannu.

Kafin la'asar magana ta cika gari. Kin san matar Baffa 'yar Madawa ce. Sai aka ce tsoho ya sayar da ƙungiya ga surukai, wasu suka ce Baffa ne ya zagaya ta baya. Mutanen Unguwar Lalle da na garin Isa suka kwashe tabarmi suka ce ba su bin wanda ba su san da zamansa ba. Kashegari kuma abin ya ƙara lalacewa. Ina kai ruwa na ji Alhaji Abbas ya kawo maganar sauke kaya a iyaka, bai ko rufe baki ba Baffa ya ce a'a, ba zai yiwu ba. Inna ta ce duk shekarun Kaka bai taɓa ce wa baƙo a'a ranar da ya kawo magana ba, sai dai ya ce a kwana da ita. Sai Alhaji Abbas ya ce a miƙo masa takalmansa. Da idona na ga Baba ya riga kowa zuwa bakin ƙofa, ya ɗauki takalman ya riƙe a hannu, ya ce masa ba a tashi a bar ruwa a moɗa a gidanmu na Sodangi, ya yi haƙuri ya shanye tukuna. Dattijon ya dube shi ya daɗe, ya koma ya zauna. Duk wannan ina kallo, ina cewa a raina ai da Baba aka ba da ya fi, ban san ni na hana ba.

Sai rana ta uku na gane. Ina shara kusa da ɗakin Kaka na ji ya tambayi Iya ko yaron ya ci wani abu kafin ya fita. Iya ta ce ina fa, tun da sassafe ya hau babur ya tafi Unguwar Lalle ba da haƙuri. To Baffa yana zaure a lokacin, ina jin muryarsa. Baba ne ya fita da babur. Gwaggo, tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na shiga bayan rumbu na zauna, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da ya fi ƙona ni shi ne tuna ƙafar nan da Baba ya janye.

Kwana biyu ina ɗauke da abin ni kaɗai. Na so in gaya wa Inna na kasa. A ƙarshe na yago takarda daga littafina na makaranta na rubuta layi uku, na sa cikin hular Baba da ke kan taga. Da ya karanta ya kira ni, ya sa na zauna. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi da na ji sauƙi. Ya ce ya sani tun ranar, domin Kaka ya gaya masa nufinsa mako biyu kafin taron. Na ce to a koma zaure in faɗa gaban kowa, ko da za a yi mini dariya har in tsufa. Ya ce a'a. Ya ce in aka ce ƙwaryar gidan Sodangi tana ɓatan hanya, to gobe kowace magana aka ƙulla da mu sai a tambaya ko ita ma kuskure ce. Kuma ya ce ƙanensa ya sha furar gaban surukansa da baƙi, in aka ce ya amayo ta ba zai sake ɗaga kai a kasuwa ba, shi kuwa bai ga sarautar da ta kai ya saye ta da mutuncin ɗan uwansa ba. Ya ce kada maganar ta kai kunnen Baffa ko kasuwa. Sannan ya ce laifina ɗaya ne, na san ban gane ba kuma na yi shiru, in riƙe wannan.

Tun daga nan Baba yake zama ta hagun Baffa. Ba ya magana a fili, sai dai in an tashi salla ka gan su suna tafiya tare yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Abin da aka tsayar a ƙarshe shi ne mako guda motocinmu su shiga har Madawa, mako na biye nasu su zo har Sabon Birni, kowa ya sauka gidan ɗan uwansa, kuma in mota ta samu matsala a hanya ɓangare biyu za su fita tare. Daga bakin Baffa maganar ta fito, kowa ya yaba masa. Alhaji Abbas ya ce zai kai wa mutanensa su ji. Na Unguwar Lalle sun dawo. Na Isa har yanzu ba su dawo ba, Baba ya je sau biyu, sun ce sai sun ga yadda tafiyar farko za ta kasance. Duk lokacin da na ji ƙarar babur ɗinsa zai fita, na san aikin da na jawo masa ne.

Shi ya sa nake roƙonki, don Allah don Annabi, ki ɗauki wayar Baffa. Yana ta tambayar Iya abin da ya yi miki. In kika yi masa waccan tambayar da Sallah zai gane, kuma duk abin da Baba ya haɗiye zai tashi a banza. In faɗa ne ki yi mini, ni na cancanta, za ni durƙusa in saurara har ki gama. Baba bai san na rubuto miki ba, Inna kawai ta sani. In kin karanta ki ƙona takardar.

Abu ɗaya ya rage da nake so ki sani. Shekaranjiya da hantsi, gida ba kowa sai mu, Kaka ya sa Iya ta dama fura a ƙwaryar, tunda ƙwaryar tana ɗakinsa har sai an yi tafiyar farko. Ya kira ni, bai tsokane ni ba ko kaɗan. Ya ce shi ma yana da rabonsa a abin da ya faru, ya aiki baƙuwa da maganar 'yan gida. Ya laluba ya ɗora ƙwaryar a hannuna, ya ce in kai wa ubana, ya sake maimaitawa, ubana wanda ya haife ni. Na iske Baba a ƙarƙashin darbejiya yana gyara igiyar babur. Wannan karon na ɗaga kai na dubi fuskarsa kafin in aje. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, ya yi bisimilla ya shanye tas, bai rage ko ludayi ɗaya ba. Sannan ya wanke ta da kansa, ya miƙo mini, ya ce in mayar wa Kaka in ce masa yaron ya gode, a adana ta da kyau domin ta Marwan ce.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Yaya Shafi'u, da Khadijat, ki ce mata ina nan da ɗankwalin da ta ba ni. Ki shafa mini kan Mus'ab. Iya da Inna suna gaishe ki, Inna ta ba Malami ƙullin daddawa da kuka ya kawo miki. Ki yafe mini kurakuran rubutu, da wanda ya fi su girma. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗiyarki mai neman gafararki,
Sa'adiyya