Bajon Igwa na Mahaifina

Ni Zeliya Sumaila ta unguwar Maamobi, shekarata tamanin da huɗu, hankalina cikakke ne, da hannuna na rubuta wannan. Kada kowa ya ji tausayina. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa roƙon a riƙe mini alli ba.

Na ɗaya. Gidan nan na ku uku ne 'ya'yana, Jalilu, Mubarika da Zulkifli, bisa rabon shari'a. Littattafaina na Mubarika ne, ita kaɗai ke buɗe su.

Na biyu, maganar bajon kakanku. Kun san shi, ɗan tagullan nan mai siffar igwa da sojan rundunar igwa ke maƙalawa a hula. Abin da ba ku damu ku sani ba shi ne, kakanku Sumaila bai taɓa harba igwa ba. Ɗaukarta ya yi. A yaƙin Bama, zamanin Turawa, kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa, a ɗora wa mutanenmu a ka, su hau dutse da ita. Ya dawo wuyansa a karkace, a haka ya yi salla har ya rasu.

Rundunar igwa ba tuta take girmamawa ba, igwar kanta ake sara wa. Ƙarfe ya sha gaisuwa, wanda ya ɗauke shi bai samu ba. Da rundunar ta buga littafin tarihinta, na karanta shi sau biyu. Hafsoshi kowa da hotonsa. Masu ɗauka kuwa layi ɗaya, babu suna. Wasiƙa huɗu na aika musu, aka ce ba su da takardar mahaifina.

Yanzu suna son bajon su sa a gilashi. Kai Jalilu, na san ka yi wa wani hafsa alkawarinsa don a ɗauki ɗanka soja. Kai Zulkifli, na san dillalin tsoffin kaya da ka kai wa hotonsa a kasuwar Abossey Okai. Watanku biyar ba kwa gaisawa.

Na uku. Ku daina wannan gaba. Ku ci abinci a kwano ɗaya ranar Juma'a, kada ku bar 'yar'uwarku ita kaɗai. Allah ya yi muku albarka, ya shirye ku.

Bajon kuwa, ranar Talata na shiga mota ni kaɗai na kai shi wurin maƙeri a unguwar Nima. Na tsaya a kansa har ya goge igwar da magagari, ya zana sunan mahaifina a gurbinta. Hafsa ba zai so shi ba yanzu, dillali ba zai saya ba. Yana wuyana.