Tambayar da ke zuwa bayan amsa

Litinin, 11 ga Nuwamba

Darakta ya ce ran Laraba ta sama insifekta zai zo daga Dutsi. In bai ga abin kirki a kulob ɗina na kwamfuta ba, ɗakin zai koma sito. Na ce ya kwantar da hankali. Wata uku na yi ina cusa harshen kwamfuta na Python cikin shafin JavaScript don ɗalibai su koya a salula, ba intanet. Yana aiki. Shirinmu na farko gaisuwa ce: salula ta tambaya, ɗalibi ya amsa.

Talata, 12

An haɗa ni da Kausar, sabuwar malamar lissafi, 'yar Gesheme. Ban nema ba.

Alhamis, 14

Kunya! Na ƙara tambaya ɗaya: damin hatsi nawa gidanku ya samu bana? Ɗalibai talatin suka zuba wa salula ido, allo fari fat. Sai an rubuta wani abu tambayar ke fitowa. Na dage jiya lafiya yake.

Kausar ta kira ni da Mushe, yadda ake kiran malami a nan, ta ce a hankali, "Mushe Rabo, tun farko haka shike. Ba su taɓa ganin tambayar ba. Gaisuwa ce, kowa ya san abin da ka biyo."

Gaskiyarta. Lafiya lau, ba gajiya, sai godiya, suna ta zubawa a jere, ba wanda ya jira a tambaye shi. Har ni. Wata uku!

Asabar, 16

Ta gano matsalar cikin awa guda, ni ina gefe ina hura hanci. JavaScript na riƙe maganar Python har sai layi ya cika kafin ya nuna. Ita kuwa tambaya ba ta rufe layi, tana jiran amsa a gabanta. Python na jiran ɗalibi, ɗalibi na jiran allo. Layi huɗu ta rubuta: kafin a karɓi amsa, a juye duk abin da aka riƙe. Ta kuma sa kuskure ya riƙa fitowa da ja, da can ɓacewa yake.

Abin da ya fi burge ni, ba ta goge nawa ko harafi ba. Sai da ta karanta shi duka, har ta yaba wani wuri. Wallahi yarinyar nan tana da kai. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa ban iya kallon abu haka ba.

Litinin, 18

Ban yi mata godiya ba tukuna.

Laraba, 20

Insifekta ya gwada da hannunsa, ya yi dariya, ɗaki ya tsira. Ya riƙe hannuna yana ta "bravo Mushe". Kausar na can baya tana tattara caja.

Da darakta ya tambayi wa zai riƙe kulob daga yanzu, na ce a ba ta, idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu.

Idona lafiyarsa ƙalau. Na roƙe ta dai ta bar mini wuri a bencin gaba ran Asabar.