Ni na manna tayil ɗin da ya ƙona matata, wani ake zargi

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, kuma sunayen da zan ambata duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu suka rage min, kuma ba ni da wanda zan iya buɗe wa bakina a unguwarmu.

Ni ɗan unguwar Maamobi ne, gyaran waya nake yi a kasuwar Circle. Duk abin da na iya a sana'ata a bidiyo na koya, babu wani oga da ya zaunar da ni, kuma wannan ne ya sa min wani irin ji da kai, ina ganin babu aikin hannu da zai gagare ni in dai akwai data a wayata. Na faɗi wannan tun farko don ku san irin mutumin da ke muku magana.

Gidanmu gidan gado ne, kakanmu ya gina shi. Ɗakunan gaba an sake su da bulo, amma layin baya inda nake zaune da matata tsohon gini ne na laka, irin wanda muke kira atakwami, an shafe shi da siminti an yi fenti, in ka gani sai ka rantse bulo ne. Ƙanin mahaifina, da muke kira Kawu, shi ne babba a gidan yanzu, kuma yana da doka ɗaya da ko yaro ya sani: ko ƙusa ba a bugawa a bangon baya sai an kira Baba Issaka. Baba Issaka tsohon magini ne, abokin marigayi mahaifina, tun kafin a haife ni shi ke lallaɓa bangon nan duk shekara, har kayan aikinsa a ɗakin ajiyar gidanmu suke kwana.

Matata Rahinatu koko da ƙosai take sayarwa da safe. Kicin ɗinmu ɗan ƙarami ne, jingine da tsohon bangon, teburin gas ɗinta a jikinsa. Mai da hayaƙi sun mayar da wurin baƙi ƙirin, kullum tana gogewa da soso kullum yana nan yadda yake, ta sha ce min in da za ta samu tayil a bayan murhun nan irin na gidan yayarta, da ta huta. Da ta haifi 'yarmu ta fari ta tafi wankan jego gidan mamarta a Alajo, sai na ce a raina kafin ta cika arba'in ta dawo zan ba ta mamaki.

Na kira Baba Issaka ya zo ya duba. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa sau uku ko huɗu, ya ce min, “Ɗana, wannan bango ba ya ɗaukan tayil. Simintin da ka gani fata ne kawai, ciki ƙasa ne. Ka sa nauyi, wata rana zai sake shi.” Ya ce in dai tsafta ake so, a kafa katako a gaban bangon a buga falle na ƙarfe, ko a tada bulo siriri daga ƙasa sannan a manna a kansa. Na ce to Baba, na gode, na raka shi har ƙofa. A zuciyata kuwa cewa nake tsoho ya tsufa, zamani ya wuce shi, ina shi ina tayil.

A lokacin Kawu ya tafi Tamale gaisuwar rasuwa, 'yan haya kuma da rana duk suna kasuwa. Na rufe shago kwana uku. Na sayo tayil manya, na ƙasa ma na sayo ba na bango ba, don na ga manyan za su fi saurin rufe wuri, na ɗauko cokalin gini da guduma da kurfin sassare bango na Baba Issaka daga ɗakin ajiya. Wani Bature a bidiyon da na kalla ya ce a sassare fenti don siminti ya kama, na sassare, a wasu wuraren har jar ƙasa tana zubowa, na gani da idona na kau da kai. Ya ce a jiƙa bango sosai kafin a fara, na yi ta watsa ruwa bokiti bokiti har bangon ya daina sha. Shi bangon bulo yake magana a kai, ni kuma laka nake jiƙawa, amma a lokacin ko kusa hakan bai zo min ba. Na kwaɓa siminti da kauri, na manna layi huɗu daga tebur zuwa saman kaina, na cike tsakani da farin siminti. Wallahi ya yi kyau. Na tsaya ina ɗaukar hoto ina jin kaina kamar injiniya.

Ranar da Rahinatu ta dawo, Kawu ma ya riga ya dawo, yana tsakar gida lokacin da ta shiga kicin ta fito tana murna tana tambaya wa ya yi wannan aiki. Kawu ya leƙa, ya juyo ya kalle ni, na san tambayar da ke bakinsa. Kafin ya yi ta na ce Baba Issaka ne. Kawu ya gyaɗa kai ya ce to madalla, in shi ne ba magana. Wata 'yar haya ma ta ce ai ta ga shigowarsa ran nan. Ƙaryar nan ko daƙiƙa biyar ba ta ɗauke ni ba, tsoron faɗan Kawu kawai nake yi, kamar ƙaramin yaro.

Bayan Juma'a Kawu ya haɗu da Baba Issaka a masallaci ya yi masa godiya. Baba bai tona ni ba, kai tsaye ya zo ya same ni a ƙofar gida, ya ce me ya sa na jingina masa aikin da ya hana ni. Na roƙe shi ya rufa min asiri. Ya ce zai rufa, amma in cire tayil ɗin kafin ruwa ya sauka, shi zai zo ya gyara min wurin. Na ce na yi alkawari. Ban cire ba. Yaya zan cire abin da matata take gogewa da tsumma kullum tana kiran ƙawayenta su zo su gani? Damina ta shigo, kun san yadda ruwa ke kwanciya a lungunanmu, bango ya fara sha daga ƙasa. Wata rana na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa kamar ganga, na ga tsaga ta buɗe a sama tsakanin tayil da bango, har yatsana yana shiga. Na kwaɓa farin siminti na toshe don kada ta gani. Wannan ne abin da ya fi ci min rai a duk labarin, domin na sani, ba tsautsayi ne ya same ni ina barci ba.

Wata ranar Talata da safe ina shirin fita, tana suyar ƙosai, jaririya na goye a bayanta. Na ji ƙara, na ji ihunta. Layi huɗun nan gaba ɗaya suka saki tare da fatar simintin suka faɗo a kan kaskon mai. Daga baya ta ce min ta ga abin yana tahowa, sai ta juya don ta kare yarinya, man ya kwarara a hannunta na dama daga kafaɗa har yatsu, da gefen wuyanta. Yarinya Allah ya tsare, ɗigo biyu ne kawai a ƙafarta. Ni na ɗauke ta zuwa asibiti, kuma warin da na ji a cikin motar nan har yau bai bar hancina ba. Ta yi sati uku a kwance. Yanzu tana gida, yatsu biyu sun ƙi miƙewa, likita ya ce a ci gaba da motsa su a ga abin da Allah zai yi. Sana'a ta tsaya, ko goyo ba ta iya ɗaurawa sai na ɗaura mata.

Ina can asibiti yayanta Fuseini ya kwashi abokansa na majalisa suka je gidan Baba Issaka. An ce min sun jawo shi waje, sun zage shi a gaban jikokinsa, wani ya ture shi ya faɗi a bakin kwata haƙorinsa ya fita. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne ba shi ya yi aikin ba. Suka ce to wa ya yi, ya yi shiru. Shirun nan suka ɗauka a matsayin amsa laifi. Kawu ya sa aka fitar da kayan aikin Baba Issaka aka zube a lungu, ya ce mutumin da ya fi kowa sanin bangon nan shi ya ci amanar gidan. Gyaran da yake yi a makarantar allon unguwa an karɓe an ba wani. Yanzu in ya wuce mata har janye 'ya'yansu suke yi, kuma duk wannan ina tsaye ina kallo, ana ma tausaya min, ana cewa sannu Allah ya ba mai jiki lafiya.

Dangin Rahinatu sun kai ƙara wurin sarkin unguwarmu, an sa zama ranar Lahadi. Ni ne babban shaida, tunda ni na ce na kira Baba Issaka. Shekaranjiya na kasa jurewa na je gidansa. Na tarar da shi a kan tabarma, ya rame, leɓensa har yanzu da tabo. Na durƙusa ina hawaye. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, tunda ya san haɗarin ya yi shiru ya bar yarinyar mutane tana girki a ƙarƙashinsa, don haka dukan da aka yi masa bai ɗauke shi zalunci gaba ɗaya ba. Sannan ya ce, “Babanka ya riƙe ni shekara talatin, ba da bakina aurenka zai mutu ba. Amma ran Lahadi in suka ɗora min Alƙur'ani suka ce in faɗi wanda ya yi, ɗana, ba zan yi ƙarya ba. Ka riga ni magana.”

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne na san ko ya faɗa, da wuya a yarda da shi. Kowa ya riga ya yanke hukunci. In na tsaya a gaban sarki na maimaita maganata, ni za a gaskata, shi kuma a ƙara masa da sunan maƙaryaci mai ƙazafi ga ɗan amininsa, ya ƙarasa tsufansa a haka. Shaiɗan yana raɗa min wannan kullum, ba zan ɓoye muku ba, har na taɓa zama ina tsara yadda zan faɗe ta. In kuma na faɗi gaskiya, Fuseini ya riga ya rantse wanda ya nakasa ƙanwarsa ba zai zauna lafiya a Maamobi ba, mamarta kuwa a ranar za ta kwashe ta da jaririyar zuwa Alajo. Dukan ba ya ba ni tsoro, na cancance shi. Rahinatu nake tsoro. Za ta gane ba manna tayil kawai na yi ba, na ga tsagar na toshe na bar ta tana suya a wurin da 'yarmu a bayanta, sannan na zauna a gefen gadonta sati uku ina ba ta abinci a baki ban faɗa mata ba.

Jiya bayan la'asar ina shafa mata magani a yatsun, zafin ya sa ta kuka. Ta ce ita ba ta taɓa yi wa wani mugun baki ba a rayuwarta, amma wanda ya manna tayil ɗin nan yana sane, Allah ya isa tsakaninta da shi har gaban Allah. Ta ɗago ta kalle ni tana jira, kamar yadda mace ke jiran mijinta ya tsaya mata. Na ce amin.

Jama'a ni na san gaskiya ce mafita, ba sai an yi min dogon wa'azi ba, kuma duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina. Abin da na rasa shi ne ta ina zan fara. In fara gaya wa Rahinatu mu biyu a ɗaki, alhali jikinta bai warke ba kuma tana shayarwa? Ko in je wurin Kawu da limami su shige min gaba zuwa wurin mamarta kafin Lahadi? Ko in bari sai a gaban sarki, don a wanke tsohon nan a bainar jama'a kamar yadda aka ɓata shi a bainar jama'a? Mata da ke cikin gidan nan, ku nake roƙo musamman ku faɗa min tsakaninku da Allah, in ke ce Rahinatu, akwai wata hanyar da mijinki zai faɗa miki wannan maganar ki iya ci gaba da zama da shi?